Gwaggo Mai Wanke Magana

A takardar ɗaukar aiki, mai shara ce. Haka aka rubuta shekara ashirin da biyu da suka wuce, kuma har yau ba wanda ya ɗauki biro ya ƙara ko wasali. Amma duk wanda ya taɓa zama a bencin ƙaramin asibitin nan na gindin dutse ranar awon ciki ya san shara ce mafi ƙanƙanta a aikin Gwaggo. Ita kaɗai ce a ginin ke jin yaren mutanen kan dutse, don ita ma 'yar can ce. Kafin ta share rabin baranda an ƙwala mata kira sau biyar. Sai ta jingine tsintsiya, ta goge hannu a gefen zani, ta shiga ta tsaya tsakanin teburin Sista da kujerar mai ciki, ta karɓi magana daga wannan baki ta miƙa wa wancan kunne.

Gwaggo kowa ke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Gajeriya ce, mai kaurin ƙwauri irin na wadda ta tashi tana hawa da sauka da kaya a ka, ga saurin tafiya kamar an biyo ta. Ba ta yi boko ba, amma ta san katin awo da kalarsa, ta san ƙwayar ƙarin jini ta san ta zazzaɓi, kuma daga yadda mace ta dafa bango tana shigowa takan gane ko yau akwai aiki a ɗakin haihuwa.

Ita kanta a kan ƙyauren ɗaki ta fara zuwa asibitin. Cikinta na fari ne, naƙuda ta kwana biyu tana murɗa ta, sai maza huɗu suka cire ƙyauren ɗakin mijinta suka kwantar da ita a kai. Daga ƙauyensu zuwa bakin rafi tafiyar rabin yini ce ga mai lafiya. Rafin ba shi da gada, har gobe ma ba shi da ita, sai dai alkawarinta da ake kawo musu sabo duk lokacin zaɓe. Ko da suka iso, abin da ke cikin ya riga ya koma. Ita aka ceto da ƙyar, ta yi wata uku a kwance. Wata ukun nan kamar kurma ta yi su: a tsaya a kanta a yi ta magana, a juya ta, a soka mata allura, a wuce. Abu ɗaya take son tambaya, ba ta da bakin tambayarsa. Namiji ne ko mace? Mazan da suka kawo ta sun juya tun kafin a fito da shi don ruwa na ƙaruwa a rafi, ma'aikata ne suka binne. Lokacin da ta tsinci kalmomin da za su isa ta haɗa tambayar, an riga an canja wa ungozomar da ta karɓi haihuwar wurin aiki. Har yau Gwaggo ba ta san abin da ta haifa ba.

Ba ta sake samun ciki ba. Miji ya jira damina biyu ya kama gabansa, ita kuma ta ga ba abin da za ta hau dutse ta tarar sai idon mutane. Ta riƙa taya tsohuwar mai shara ɗaukar bokiti, tsohuwa ta gaji ta ajiye aiki, tsintsiya ta faɗo hannunta. Aikin tafinta kuwa, wato fassara, ba wanda ya naɗa ta a kai. An dai wayi gari ana cewa, "Ku kira Gwaggo."

Da farko yadda aka faɗa haka take mayarwa, ba ragi ba ƙari, don ta ɗauka amana ke nan. Sai ranar da matar dattijon ƙauyensu ta sauko awo da ƙafarta, mace ta farko da ta taɓa yin haka ba tare da ciwo ya koro ta ba. Wata nas ce a teburin lokacin, yarinya ɗanya, an daɗe da ɗauke ta daga nan. Ta toshe hanci ta ce, "Faɗa mata ta je ta yi wanka tukuna. Warin hayaƙi take, ni ba zan taɓa ta a haka ba." Mace ta yi tafiyar rabin yini cikin rana da ciki wata bakwai, wane irin ƙamshi ake so ta yi, fisabilillahi? Gwaggo ta juya ta mayar mata da yarensu, kalma bayan kalma. Matar ta miƙe, ta gyara ɗaurin zaninta, ta fita. Shekara biyu cur ba macen kan dutse da ta sake taka asibitin da ƙafarta. A shekara biyun nan an sauko da mata uku a kan ƙyaure, kuma a kan ƙyauren aka mayar da biyu, fuska a rufe. Ɗaya daga cikin biyun matar ƙanin Gwaggo ce.

Daga nan ta koyi abin da ita da bakinta take kira wanke magana. "Ko shinkafa," in ji ta, "sai an rege tsakuwa kafin a dafa wa baƙo." In aka ce, "Tambaye ta, ita akuya ce da za ta yi ta zuba 'ya'ya duk shekara?" sai Gwaggo ta ce, "Sista ta ce Allah ya raya, amma jikinki na son hutu kafin na gaba." In mai ciki ta harari allura ta ce, "Gaya wa mai fuskar shanun nan ba na son ƙarfenta a jikina," sai Gwaggo ta ce, "Ta ce tana ɗan jin tsoro, a yi mata a hankali." Kowa ya fita yana ganin an ba shi girmansa.

Amma ba a nan aikin ke ƙarewa ba, don Gwaggo ba sakarya ba ce. Wankin nata kashi biyu ne. A ɗaki take cire zafin magana, a gindin tankin ruwa na bayan asibiti take mayar mata da nauyinta. A can za ta zaunar da mace da mijinta, ta ba su ruwa, ta tambayi gona da yara, sannan ta lallaɓo a hankali ta ce, "Yanzu bari in gaya muku abin da ake ciki." Abin da miji ba zai karɓa daga bakin baƙuwa mai faɗa ba, yakan karɓa daga bakin Gwaggo a inuwa. Da haka benci ya cika da matan kan dutse, har aka aiko wa asibitin takardar yabo daga sama. Tana nan rataye a bango cikin gilashi da sunan Sista a jiki, Gwaggo ce ke goge mata ƙura duk Litinin.

Kada kuma a ɗauki alhakin Sista. Shekararta tara a wurin, ita kaɗai ce ungozoma, ranar awo mata sittin take gani ko ruwa ba ta sha ba. Hannunta akwai albarka, ta sha fito da ɗan da ya zo da ƙafa yana tsala kuka. Bakinta ne dai ya fi allurarta zafi, kuma tsoro ne ke hura masa wuta: in ta ga haɗari, faɗa take yi. Ga inda gizo ke saƙar. Iya girman haɗari, iya zafin bakin Sista. Iya zafin bakin Sista kuma, iya ruwan da Gwaggo ke zuba wa maganar.

Auta 'yar ƙanin Gwaggo ce. Ba don an gama haihuwa ta zama auta ba, uwarta ce wadda aka mayar a kan ƙyaure lokacin Auta na da shekara biyu. Gwaggo ba ta samu nata ɗan ta raina ba, duk abin da ke ranta na uwa a kan yarinyar nan ta juye shi: ita ke aika mata takalmi da sabulu, ita ta saya mata tukwanen aure. Tun da ta ji Auta na da ciki take aika saƙo sama ta bakin duk mai hawa, cewa ta sauko awo. Mijin ne ke ja da baya. Manomi ne, ba mugu ba, amma mutum ne da ba ya ɗaukar raini. Ya taɓa kai ƙanwarsa wani asibiti aka daka masa tsawa a gaban mata, ya rantse shi da wuraren nan sai dai a ɗauko shi. Sai da ciki ya shiga wata takwas, fuskar Auta ta fara canjawa, sannan ya haƙura.

Ranar Alhamis suka iso da hantsi, ƙarshen damina. Takalmin Auta a hannunta yake, don ƙafa ta ƙi shiga. Abin hannunta ya nutse cikin fata. Ta rungume Gwaggo tana dariya, ta ce kanta ne ke sarawa kwana biyu, kuma in ta miƙe takan ga wani ƙyalli-ƙyalli a gabanta. Gwaggo ta kama hannunta. Ta tsallake da ita layi, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

Sista ta ɗaura mata abin awon jini, ta matsa, ta duba. Ta kwance ta ɗaura a ɗaya hannun, ta sake matsawa. Ta sa aka gwada fitsari. Sannan ta cire gilashinta ta ajiye a kan tebur, duk wanda ya san ta kuwa ya san abin da ke biyo bayan cire gilashin nan.

"Wata takwas, sai yau? Ku mutanen kan dutse dabbobi ne, sai kun ga mutuwa kuke saukowa? Faɗa mata jininta ya hau ya wuce inda zan iya riƙe shi a nan. Yau za ta tafi babban asibiti, yau ɗin nan, ba gobe ba. In ta sake hawa dutsen can, kabarinta za ta hau ta tarar, ita da abin da ke cikinta. Ki faɗa wa wancan da ya tsaya min a ƙofa kamar turmi."

Mijin Auta bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya ji muryar, muƙamuƙinsa har ya fara motsi. Auta ta ɗago tana kallon Gwaggo da idon nan irin na uwarta. Gwaggo kuma ba su take gani ba, matar dattijo take gani tana gyara ɗaurin zani. In ta mayar da wannan magana yadda take, mutumin nan zai ja hannun matarsa su fita, kuma ba babban asibiti za su nufa ba. Kafin ma ta gama tunanin, baki ya riga ya yi abin da ya saba shekara ashirin.

"Sista ta ce jininki ya ɗan hau. Ta ce ki huta, ki sha wannan magani, kuma yana da kyau a kai ki babban asibiti su ma su duba ki."

Kafaɗun mijin suka sauka. "To, ba laifi," in ji shi. "Masara ta nuna, Gwaggo, birai sun sa mu a gaba. Yini ɗayan nan ma da na bar gona Allah kaɗai ya san abin da zan tarar. Kwana huɗu mu karye ta mu shigar, ranar kasuwa sai in kai ta, lokacin akwai mota."

"Me ya ce?" in ji Sista, tana rubuta takardar tura su.

"Ya ce zai kai ta."

Ai ba ƙarya ta yi ba, haka ta gaya wa zuciyarta, ya dai ce zai kai ta. Saura kashi na biyu. Ta raka su bakin ƙofa ta ce da Auta, "Ku jira ni a gindin tanki, kada ku motsa, ina da magana." A can za ta kwance musu komai, har kabarin, ta kuma nemo musu mota da kanta in ta kama.

Ba ta kai ga ɗauko musu ruwan sha ba aka kwarma mata kira daga ɗakin haihuwa. Wata ce ta haihu jini ya ɓalle. Gwaggo kawo bokiti, Gwaggo riƙe ƙarin ruwan nan, Gwaggo goge nan kada in zame. Wannan shi ne aikin da takarda ta san ta da shi, wa zai ce ta ajiye? Awa biyu ba ta ga rana ba. Da aka samu jinin ya tsaya ta fito da gudu, ko hannu ba ta wanke ba. Gindin tanki ba kowa. Kwalbar zuma ce kawai a kan dakali, an toshe bakinta da totuwar masara, tsarabar da Auta ta kawo mata.

"Sun wuce tun ɗazu," in ji mai gadi. "Mijin ya yi ta nuna min sama. Kin ga hadarin da ke kan dutse? Ina jin so yake su ƙetare kafin rafi ya kawo."

Kan dutse waya ba ta shiga. Ta tsaya a bakin hanya tana neman mai hawa ta ba shi saƙo, ba ta samu ba, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya yi yammacin Alhamis, ya wayi gari yana yi. Ranar Juma'a Sista na wanke hannu ta waiwayo ta ce, "'Yar taki ta isa? Sun ba ta gado?"

"Sun tafi," in ji Gwaggo, ta sunkuya ta ci gaba da goge ƙasar da ta riga ta goge.

Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske. Ta yi ta lallashin kanta: ai tana shan magani, ai kwana huɗu ne, ai ta ga mata nawa da kumburin ƙafa suka haihu lafiya. Amma ta ga gilashin nan a kan tebur, kuma ta san Sista ba ta cire shi a banza. Asubar Asabar ta damƙa wa mai gadi makullin ɗakin kayan shara, ta hau babur zuwa bakin rafi.

Rafi ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da rassan itace. Mutane na zaune a wannan gaɓa, wasu na zaune a waccan, ana kallon juna. Ta zauna tun safe har la'asar tana kallon wani dutse a tsakiyar ruwa, wanda kowa ya san in kansa ya fito ana iya shiga. Da ya fito, maza biyu suka sa ta a tsakiya, ruwa har wuya, suka ƙetara da ita. Duhu ya hana ta hawa, ta kwana a bukkar wasu masu gona. Gari na wayewa ta kama hanya. Gwiwar da ta taɓa hawa dutsen nan da tulu a ka yanzu sai ta dafa ta take ɗaga ƙafa. Duk hawan nan maganar take maimaitawa da yarensu, yadda za ta faɗe ta ba wanki: in ba ku sauko yau ba, mutuwa ce.

Rana tsaka ta hango gidan. Masara tsibi guda a tsakar gida, an ɓare rabi. Mata sun yi cirko-cirko. Maza biyu kuma na tsaye a ƙofar ɗakin Auta suna cire ƙyaure.

Tun da sassafe jijjiga ta kama Auta, ta yi sau uku, ta tauna harshe, ba ta san wanda ke kanta ba. Maganin Sista na nan a gefen shimfiɗa, ta sha shi daidai yadda aka ce. Takardar babban asibiti na nan soke a jikin rufin ɗaki, an naɗe ta da kyau a leda kada ta jiƙe kafin ranar kasuwa. Gwaggo ta zare ta ta cusa a ƙirji. Maganar da ta hau dutse tana maimaitawa ba ta da sauran amfani, ta haɗiye abarta ta ce su ɗauka.

Ta bi ƙyauren nan a baya har ƙasa, tana riƙe da kan Auta duk inda hanya ta karkace. Suka ƙetare rafi da shi a kan kawunan maza. A wancan ƙetaren motar gawayi suka samu, direban ya sauke buhu shida a bakin hanya ya yi musu wuri, Allah ya saka masa. Suka tsaya a ƙaramin asibiti, Sista ta fito ta ga wadda ke kwance, ta kalli Gwaggo sau ɗaya. Ba ta yi faɗa ba. Ta yi wa Auta allura a cinya biyu, ta haura motar da fararen kayanta ta zauna cikin baƙin gawayi tana riƙe da ƙarin ruwa har babban asibiti. Gwaggo ta gwammace a ce zagin ta ta yi.

Likitan da ya karɓe su matashi ne, da alamar shi ma bai huta ba. Aka wuce da Auta ciki, shi kuma ya tsaya a baranda da takardar a hannu, Sista ta bi gadon.

"Ranar Alhamis aka rubuta wannan. Yau Lahadi. Mama, tambayi mijin me ya zaunar da su."

Ta tambaye shi. Mijin Auta na tsaye da laka har gwiwa, kafaɗarsa ta saɓule saboda ƙyaure. Ba da fushi ya amsa ba, da ruɗewa ya amsa.

"An ce mana kaɗan ne ya hau. An ce ta huta. Da an ce min maganar rai ce, ai da birai sun cinye har rumbun ban waiwaya ba."

"Me ya ce?"

"Ya ce ruwa ne ya cika rafi."

Likita ya girgiza kai, ya rubuta wani abu, ya ce ƙasa-ƙasa, "Kullum haka suke, sai ta ɓaci." Ya wuce. Shekara ashirin Gwaggo na wanke magana don ta rufa wa wasu asiri, ranar nan ta wanke don ta rufa wa kanta, laifin kuma ya sauka a kan mutanenta kamar yadda ya saba sauka. Kunya ta rufe ta har ta kasa kallon surukin nata.

Aka yi wa Auta aiki. Ita ta tsira, abin da ke cikin bai zo da rai ba. Da aka fito da ƙunshin za a wuce da shi, Gwaggo ta tare ƙofa. Aka ce ta matsa, ta ƙi. Gajeriyar tsohuwa da laka a zani, ta kafe ta ce ba inda za a kai shi sai ta gani da idonta. Suka gaji suka buɗe mata.

Sai rana ta uku Auta ta dawo hayyacinta sosai. Ɗakin gado goma sha biyu ne, fanka ɗaya ke juyawa, kowane gado da jariri a gefensa ban da biyu. Mijin na waje, ba a barin maza sai la'asar. Gwaggo na zaune a kan tabarma tana jiƙa mata leɓe da tsumma mai ɗumi. Harshen bai gama saɓewa ba, maganar a hankali take fita.

"Namiji ne ko mace?"

"Mace ce. Gashi cike da kai, da dogayen yatsu irin naki. Na gan ta, na riƙe ta. Babanta ne ya binne ta da hannunsa."

Auta ta rufe ido, hawaye ya gangara ya shiga kunnenta. Ta daɗe a haka, har Gwaggo ta ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai ta buɗe.

"Gwaggo, ranar nan Sista ta daɗe tana magana. Har gilashi ta cire. Ke kuma abu kaɗan kika faɗa. Ina sauran?"

Hanyar wanki a buɗe take, ko yanzu ma. Tana iya cewa faɗan Sista ne kawai, kin san ta. Tana iya cewa bari ki warke tukuna. Bakin har ya ɗauko, ta danne shi. Ta ajiye tsumman a cikin kwano, ta matso, ta mayar mata da maganar Alhamis da yarensu tun daga farko har ƙarshe, kalma bayan kalma, da dabbobin, da yau ɗin nan ba gobe ba, da kabarin, har da turmin. Ta gaya mata abin da ta ce wa Sista, da abin da ta ce wa likita. Ta fara kawo zancen gindin tanki, sai ta ji ba shi da wurin zama, ta bar shi.

Auta ba ta yi kuka mai sauti ba. Rufin ɗakin take kallo.

"Dabbobin ai na ji, Gwaggo. Wannan ba sai an fassara ba, a fuska ake ganinsa. Tun ina yarinya nake jin sa a kasuwa ban mutu ba." Ta juyo ta kalli Gwaggo. "Da kin ba ni maganar duka da tsakuwarta. Da na haɗiye, in riƙe 'yata."

Ta juya fuskarta wajen bango.

Wata nas ta iso gadon da tiren allura, ta ga hawaye a fuskar tsohuwa, ta ga mara lafiya ta juya baya.

"Me take cewa, Mama? Ciwo take ji?"

Gwaggo ta miƙe tsaye, ta goge hannu a gefen zani kamar yadda take yi in an kira ta.

"Ta ce an gaya mini tun ranar Alhamis cewa 'yarta za ta mutu, ni ce ban gaya mata ba."

Nas ta kalle ta, ta kalli katin da ke jikin gado, ba ta gane kan zancen ba, ga gadaje goma sha ɗaya na jiran ta.

"To, ce mata ta miƙo hannu."

"Ta ce ki miƙo hannu," in ji Gwaggo.